Darasi: Naman zomo, amfaninshi ga jiki da yadda ake dafa shi

 Darasinmu na wannan karo shina magana bisa naman zomo. Ku karanta shi sannu-sannu. Ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. In kun gama, ku zauna ku tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan magana gaskiya ce ga zomon daji. Amma akwai zomon gida, wanda ake kiwo cikin keji bayan ɗaki. Shi ba a gudu garin kama shi. Abin da shike so kawai inuwa, ruwa mai tsabta, harawa, dusa da ɗanyen ganye.

Mi ya sa muka zaɓi wannan darasi? Saboda ƴaƴanmu. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi cikin ƙasarmu Nijar a shekara ta 2012 ya nuna cewa cikin yara 100 ƴan ƙasa da shekara 5, yara 44 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ya nuna kuma cikin yara 100, yara 73 na da ƙarancin jini. Cikin mata 100, mata 46 na fama da wannan ƙarancin. Jihohin Maradi da Damagaram, inda aka fi noma, suna cikin waɗanda tamowa ta fi taɓawa. Ke nan cika rumbu da hatsi shi kaɗai bai isa ba. Sai an duba abin da ke cikin miya.

1. Zomon daji da zomon gida

Mutane da yawa na tsammanin zomon gida shi ne na daji da aka kamo aka saba da shi. Ba haka ba ne. Iri biyu ne daban, ba su ma haihuwa da juna.

Zomon daji shina da dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafu. Ana haihuwar ɗanshi da gashi, idonshi buɗe. Namanshi ja ne, shina da tauri da ƙarfin wari. Farautarshi na da doka da lokaci, kuma sau da yawa garin neman shi ne ake sa ma daji wuta, ciyawar dabbobi ta ƙone.

Zomon gida asalinshi daga ƙasar Sipaniya ne da kudancin Faransa. Ana haihuwar ɗanshi tsirara, idonshi rufe, sai bayan kwana 10 shi buɗe ido. Namanshi fari ne kamar na kaza, shina da taushi. Bisa wannan zomon ne muke magana.

Ƙasar Sin ita ce ta fi kowace ƙasa kiwon zomo. Ana cin shi ƙwarai a Italiya, Sipaniya da Faransa. Cikin Afirka mutanen Masar sun shahara da shi. A shekara ta 1972 gwamnatin Gana ta buɗe wani shiri na kiwon zomo, domin talakawa su samu nama daga bayan ɗakinsu.

Wasu na tambaya ko zomo halal ne. Malaman mazhabar Malikiyya, da sauran mazhabobi 3 na Sunna, sun halatta cin shi in an yanka shi bisa ƙa'ida. Hadisi ya zo cikin Buhari da Muslim cewa sahabbai sun kama zomo, aka yanka, aka aika ma Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata gare shi) da wani sashe nashi, ya karɓa.

2. Abinci kashi 3 ne

Kafin mu duba naman zomo, mu tuna abin da aka koya muna a aji. Abinci kashi 3 ne.

Na farko, abinci mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai da sukari.

Na biyu, abinci mai gina jiki: nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa, fara.

Na uku, abinci mai kare jiki daga cuta: zogale, kuka, lalo, yakuwa, tumatur, kabewa, karas, mangwaro, lemu.

Abin da ke gina jiki, masana na kiran shi furotin. Mu ɗauki misalin gini. Jikin mutum kamar ɗaki ne da ake ginawa da tubali iri 20. Iri 11 jiki na iya yin su da kanshi. Iri 9 kuwa dole sai sun zo daga abinci. Hatsi na da furotin, wajen garam 11 cikin garam 100, amma ɗaya daga cikin tubalan nan 9, wanda ake kira lizin, ya yi ƙaranci cikinshi. In tubali iri ɗaya ya ƙare, gini ya tsaya, ko da sauran na jibge. Nama na da dukan tubalan 9. Wake ma na da lizin da yawa. Shi ya sa ɗan nama kaɗan ko wake cikin miya ke ƙara ma tuwo daraja.

3. Abin da ke cikin naman zomo

Mu auna garam 100 na ɗanyen naman zomo marar ƙashi. Wannan kamar cinya ɗaya ce ta ƙaramin zomo. Ga abin da ke ciki.

Furotin: garam 20 zuwa 22. Bai kasa naman sa ko na kaza ba. Mutum mai nauyin kilo 60 na bukatar wajen garam 50 na furotin a yini. Ke nan cinya ɗaya ta ba shi kashi 2 cikin 5 na bukatarshi, sauran shi samu cikin tuwo, fura da nono da wake. Yaro ɗan shekara 2 mai nauyin kilo 12 na bukatar wajen garam 12 zuwa 13 a yini. Tsoka mai girman kwalin ashana, wato garam 30, na ba shi garam 6, rabin bukatarshi ke nan.

Kitse: kaɗan ne. Tsokar baya na da wajen garam 2, cinya garam 3 zuwa 4, ƙafar gaba ta fi su, tana kai garam 8 ko 9. Naman rago mai ƙiba kuwa na iya kai garam 20 ko fiye. Kitsen zomo kuma ba shi cikin tsoka, shina tare wajen ƙoda da kafaɗa, ana iya cire shi da hannu.

Bitamin B12: nan ne zomo ya yi fice. Garam 100 na da fiye da ninki 2 na abin da babba ke bukata a yini. Wannan bitamin shi ke taimakon jiki wajen yin jini da kula da jijiya da ƙwaƙwalwa. Babu shi cikin hatsi, wake ko ganye. Daga nama, kifi, ƙwai da nono kawai ake samun shi. Jariri na samun nashi daga nonon uwa, nonon uwa kuwa daga abin da uwar ta ci.

Akwai kuma bitamin B3, wanda rashinshi ke kawo ƙaiƙayi da baƙin tabo bisa fata, da zawo. Akwai fosfor, mai aiki cikin ƙashi da haƙori. Gishirin da ke cikin naman shi kanshi kaɗan ne. Saboda haka ya dace da mai hawan jini da tsoho da mai jinya, muddin mai dafuwa ba ta cika gishiri da dunƙulen miya ba.

4. Abin da ya gaza cikinshi

Ko wane abinci na da inda ya gaza. Naman zomo ya gaza wuri 2.

Na farko, mai. Jiki na bukatar mai domin ƙarfi, kuma bitamin A na zogale da kabewa ba shi shiga jiki sosai sai da mai. A arewacin Kanada an ga mafarauta da suka yi makonni suna cin naman zomon daji tsura, ba mai, ba tsaba. Cikinsu na cika, amma suka yi ta zawo da rama da kasala. Mu nan ba mu cin nama tsura, da tuwo muke ci. Duk da haka a riƙe wannan: in za a dafa zomo, a sa man gyaɗa, man shanu ko tunkuza, musamman in yara za su ci.

Na biyu, ƙarfen jini, wato abin da ke sa jini shi yi ja. Garam 100 na naman zomo na da miligaram 1 zuwa 1 da rabi. Naman sa ya kusa ninka shi. Saboda haka kada mace mai ciki ta ce tunda tana cin zomo ta bar shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta wurin awo. Ta ci gaba da sha. Amma akwai abu 3 da ke taimako:

a) Hantar zomo na da ƙarfen jini da bitamin A da yawa. Kada a yar da ita, kada a bar ma mai fiɗa. A ba yara.

b) Ƙarfen da ke cikin nama ya fi na tsaba saurin shiga jiki, kuma in an haɗa nama da wake ko zogale, naman na taimakon jiki shi ɗauki na waken da na ganyen.

c) Abu mai tsami kamar lemu, tumatur da garin ƴaƴan kuka na ƙara shigar ƙarfen. Shayi kuwa na hana shi. A bar shayi sai bayan awa 1 ko 2 da cin abinci, kuma kada a ba ƙananan yara.

5. Wa ya fi bukatar naman?

Cikin gidaje da yawa, in an dafa nama, kwanon maigida ake fara cikawa, yara su samu romo da ƙashi. Wasu ma na hana yaro nama da ƙwai, wai kada shi yi kwaɗayi ko sata. Ƴan'uwa, mu duba wannan al'ada da kyau. Maigida ya gama girma. Ginin da ake kan yi shi ke bukatar tubali. Ga waɗanda ya kamata a fara zuba ma:

Yaro daga wata 6 zuwa shekara 2. Kafin wata 6 nonon uwa kawai, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata 6 a ci gaba da nono, a ƙara mashi abinci. Ma'aikatan lafiya na horon a ba shi nama, kifi, ƙwai ko hanta kullum in da hali. Abin da yaro ya rasa na girma cikin shekara 2 na farko, da wuya shi cike shi daga baya.

Mace mai ciki da mai jego, domin mutum 2 suke ci ma.

Marar lafiya da wanda ya tashi daga ciwo, kamar zazzaɓin sauro, ƙyanda ko zawo.

Tsofaffi marasa haƙori, domin naman na da taushi.

In yaro ya riga ya kamu da tamowa, ya rame ƙwarai ko ƙafafunshi sun kumbura, kada a tsaya jiran miyar zomo. A kai shi gidan likita nan da nan. Naman zomo na rigakafi ne, da na ƙarin ƙarfi bayan magani.

6. Mu yi lissafi

Akuya ja ta Maradi dukiya ce, amma cikinta wata 5 ne, kuma ɗa 1 ko 2 take haihuwa. Ba wanda ke yanka akuya domin miyar dare ɗaya. Sai suna, ko biki, ko layya. In ma an yanka, naman ya fi ƙarfin gida ɗaya, ga zafi, ga ba wurin sanyi.

Zomanya kuwa cikinta wata 1 ne, kwana 30 zuwa 32. Tana haihuwar ƴaƴa 5 zuwa 8. Ana yaye su bayan mako 5 ko 6. Da wata 3 zuwa 4 ɗan zomo mai samun abinci na kai kilo 2. In an yanka an feɗe, rabin nauyin ke saura, wato kilo 1.

Ga misali. Mu ce zomanya ta haihu sau 4 a shekara, mun hutar da ita lokacin bazara saboda zafi. Mu ce ƴaƴa 5 ke rayuwa ko wace haihuwa.

4 sau 5 = 20. Zomanya 1 ta ba da zomo 20.

Mai zomanya 3 da namiji 1: 3 sau 20 = 60.

Shekara mako 52 ce. Ke nan gidan na iya yanka zomo 1 ko wane mako, 8 su saura na sayarwa ko na iri.

Zomo mai kilo 1 bayan fiɗa, in an cire ƙashi, shina ba da tsoka wajen garam 800. Gida mai mutum 8, kowa ya samu garam 100. Zomo ɗaya, tukunya ɗaya, ba ragowar da za ta lalace.

Wannan lissafi ba shi fita sai an kula. Zomo ba shi jimrin zafi. In zafi ya wuce digiri 30 shina rage cin abinci, in ya kai 35 shina iya mutuwa. Cikin watannin Maris, Afrilu da Mayu a sa kejin ƙarƙashin itace ko rumfar zana mai iska, ruwa kada shi yanke. Bisa kiwon kanshi, ku nemi malamin dabbobi na yankinku.

7. Yanka da fiɗa

Zomon da ya fi daɗin ci shi ne ɗan wata 3 zuwa 4. Tsohuwar zomanya da ta bar haihuwa ita ma ana cin ta, sai dai tana son doguwar dafuwa.

1. A zaɓi mai lafiya: ido garau, hanci busasshe, gindi ba zawo. Wanda aka yi ma allura ko aka ba magani, a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa kafin a yanka.

2. A janye mashi abinci tun dare in da safe za a yanka, a bar mashi ruwa. Hanjin zai rage cika, fiɗa ta yi sauƙi.

3. A kama shi a hankali, hannu ɗaya ga fatar kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin gindi. Kada a ɗaga shi da kunne. A yanka da wuƙa mai kaifi, a rataye shi kai ƙasa jini shi tsiyaye.

4. A zagaye fatar ƙafafun baya da wuƙa, a tsaga tsakanin cinyoyi, a ja fatar ƙasa kamar ana tuɓe riga. Tana fita gaba ɗaya.

5. A tsaga ciki a hankali kada wuƙa ta huda hanji ko mafitsara. A cire maɗaciya daga jikin hanta ba tare da ta fashe ba. A yanke wutsiya da ƴan ƙulluttan da ke gefenta biyu, su ke kawo wari.

6. A duba hanta. Mai lafiya ja ce, sumul. In da fararen ɗigo ko tabo bisa kanta, alamar cuta ce: a binne hantar, kada a ba kare, a gaya ma malamin dabbobi domin a duba sauran zomaye.

7. A wanke naman da ruwa mai tsabta, a rufe saboda ƙuda, a dafa ran nan.

Zomon da ya mutu da kanshi mushe ne. Ba a ci, ba a sayarwa. A haƙa rami mai zurfi a binne.

Wajen yankawa gunduwa-gunduwa, a bi gaɓa da wuƙa: cinya 2, ƙafar gaba 2, baya kashi 3, haƙarƙari kashi 2. Kada a sara da gatari ko adda kamar naman sa. Ƙashin zomo siriri ne, shina tsagewa kamar ƙaya, shi maƙale ma yaro a wuya.

8. Dafuwa iri 5

Doka ɗaya ce ga dukansu: tunda naman ba shi da kitse, wuta mai ƙarfi na busar da shi shi yi tauri. Shina son wuta kaɗan, murfi, ruwa ko mai. A dafa har tsoka ta saki ƙashi, ba ja ko kaɗan a ciki.

*Miyar tumatur da albasa.* Kayan haɗi: zomo 1, albasa manya 3 (irin ta Galmi ta fi), tumatur 5 ko garin busasshen tumatur cokali 3, tattasai 2, tafarnuwa, citta, masoro, daddawa, man gyaɗa ƙaramin ludayi 1, gishiri mai iyod. A daka tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, a shafe naman, a rufe shi rabin awa cikin inuwa. A soya shi sama-sama har shi yi ja, a kwashe. Cikin man nan a soya albasa har ta yi laushi, a zuba tumatur da tattasai da daddawa. A maida naman, a zuba ruwa daidai kanshi, a rufe, a rage wuta. Ƙaramin zomo na nuna cikin minti 45, tsoho na kai awa 1 da rabi. Ana ci da shinkafa, dambu ko tuwo.

*Miyar lalo ko kuka ko kuɓewa.* Mutanen Masar da miyar lalo suka fi cin zomo, wannan lalon da muke kira malohiya. A tafasa naman da albasa da daddawa da tonka har shi nuna. A tsame shi, a kaɗa miyar cikin romon, a zuba man shanu ko na gyaɗa, a maida naman. Kada a zubar da romo, domin wani kashi na bitamin na narkewa cikinshi. Kanwa kuma a rage ta, yawanta na kashe wasu bitamin.

*Miyar gyaɗa da kabewa da zogale.* Wannan ita ce ta fi dacewa da gida mai yara, domin ta haɗa kashi 3 na abinci cikin tukunya ɗaya. A dafa naman da albasa da tumatur minti 20. A zuba kabewa yankakka. A dama tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa ludayi 1 da ruwan ɗumi, a zuba, a riƙa motsawa kada ta kama. In mai ya taso, a zuba ganyen zogale ko yakuwa, a ba shi minti 5 zuwa 10 kawai a sauke. A zaɓi gyaɗa mai kyau. Wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, tana ɓata hanta.

*Farfesun mai jego da marar lafiya.* A sa kai, wuya, haƙarƙari da cinya 1 cikin tukunya, da albasa, citta, kimba, kanumfari kaɗan da tafarnuwa. A dafa da ruwa mai yawa har awa 1. A zuba man shanu cokali 1. A ba ta romon da tsokar duka. Romo shi kaɗai ba shi gina jiki, furotin na cikin tsoka.

*Gashi.* Ƙaramin zomo kaɗai ake gasawa. A buɗe shi shimfiɗe, a shafe da man gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli, yaji da gishiri. A ɗora nesa da garwashi, ba bisa harshen wuta ba. A riƙa juyawa ana ƙara shafa mai har minti 40 ko fiye. A soka wuƙa ga cinya: in ruwan da ya fito fari ne ya gasu, in da ja a ƙara.

9. Kunun yaro

Uwa, ga yadda za ki yi ma ɗanki daga wata 6. Ki wanke hannu da sabulu. Ki tsame tsokar baya ko hanta daga tukunya tun ba a sa tonka ba. Ki bi ta da yatsa ki cire ko wane ɗan ƙashi. Ki daka ta cikin turmi mai tsabta har ta yi laushi.

Ki dama kunu da garin hatsi babban cokali 3. Ki zuba dakakken naman cokali 1, man gyaɗa ƙaramin cokali 1, garin zogale ƙaramin cokali 1. Ki bar shi shi tafasa. Kunun shi yi kauri, yadda in kin karkata cokali ba shi zuba kamar ruwa. Cikin yaro ƙarami ne, kunu tsararo na cika shi ba tare da ya ƙosar da jiki ba.

Daga wata 6 zuwa 8 ki ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4. Ki zuba mashi cikin kwanonshi shi kaɗai, domin ki ga abin da ya ci. Nono kuma ki ci gaba da ba shi har shekara 2.

10. Ajiya

Dafaffen nama ba shi daɗewa cikin zafinmu. Abin da ya saura da dare a tafasa shi a rufe, da safe a sake tafasawa sosai kafin a ci. Yaro ƙarami kuwa a ba shi sabon dafuwa.

In zomaye sun yi yawa, ko ana so a rage su kafin bazara, ana iya banda. A buɗe zomon, a shafa gishiri, a ɗora bisa waya sama da wuta marar harshe har shi bushe ƙayau. Lokacin ɗari, da iska busasshe, ana iya yanyanka tsokar siriri a shanya kamar yadda masu kilishi ke yi, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Busasshen naman marar ƙashi ana daka shi gari, a tankaɗe, a sa cikin kwalba mai murfi. Cokali 1 cikin kunun yaro ya isa, a zuba tun kunun na bisa wuta. A yi na mako 1 ko 2 kawai. In ya sake wari ko ya yi fumfuna a zubar.

Kashin zomo kuma taki ne mai kyau ga garka. A tara shi ƙarƙashin keji, a kai ma tumatur da albasa da zogale. Ganyen garkar, kamar na dankali da na karas da harawar wake, shi koma ma zomaye.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Faɗi bambanci 3 tsakanin zomon daji da na gida.

2. Mi ya sa hatsi shi kaɗai ba shi isar yaro mai girma?

3. Wane bitamin ne ke da yawa cikin naman zomo, wanda babu shi cikin tsaba da ganye?

4. Domin mi ake ƙara mai ko gyaɗa in ana dafa zomo?

5. Mi za ka yi in ka ga fararen ɗigo bisa hanta?

6. Lissafi: mace na da zomanya 2. Ko wace ta haihu sau 4 a shekara, ƴaƴa 6 na rayuwa ko wace haihuwa. Zomo nawa ta samu? In ko wane ya ba da kilo 1 bayan fiɗa, kilo nawa ke nan? In tana yanka 3 ko wane wata, nawa za su saura?

7. A garinku wa ake fara zuba ma nama? Mi tsofaffi ke cewa bisa wannan? Yaya za a yi yara da mata masu ciki su samu rabonsu?

Ku rubuta amsoshinku cikin littafinku, ku nuna ma malamin ajinku. Ƙungiyar mata ko ta matasa da ke son fara kiwo, ta fara da zomanya 2 ko 3 da namiji 1, ta nemi shawarar malamin dabbobi tun kafin a gina keji. Mai tambaya bisa wannan darasi shi ba malamin gona na yankinshi takarda, za ta iso mu, mu amsa cikin shirin manoma.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi raya muna zuri'a cikin lafiya. Amin.

Naku, malamin gona.